Dayod Goma Sha Shida Ba Su Fi Ƙarfin Ɗalibin Injiniya Ba

Duk shekara, idan lokacin kare aikin kammala karatu ya zo a kwalejojin kimiyya da fasaha da sassan injiniyan lantarki na jami'o'i, sai teburan jarrabawa su cika da na'urori masu allon madannai: makullin ƙofa mai lambar sirri, kararrawar gasar kacici-kacici, ƙaramin fiyano. Da yawa daga cikinsu suna da lahani iri ɗaya, kuma malaman da ke sa hannu sun san da shi. An haɗa madannan ba tare da dayod ba. Ana kiran wannan sauƙaƙa aiki, alhali ganda ce tsagwaronta.

Allon madannai goma sha shida ba ya cin ƙafafu goma sha shida na ƙwaƙwalwar na'ura. Ana jera madannan a layuka huɗu na kwance da huɗu na tsaye, sai ƙafafu takwas su wadatar. Dabarar tana da amfani, domin Arduino Uno da ɗalibai suka fi amfani da shi ƙafafun dijital 14 gare shi, ga kuma allon nuni da sauran kaya suna jiran rabonsu. Ƙwaƙwalwar tana bin layukan kwance ɗaya bayan ɗaya, ta saukar da wutar layi guda zuwa sifili, ta duba wane layin tsaye ne ya sauka tare da shi. Inda suka haɗu, nan ne madannin da aka taɓa.

Matsala tana tasowa ne idan aka danna uku a lokaci guda. A allon da aka jera kamar na wayar tarho, mutum ya danna 1 da 4 da 5. Sa'ad da ƙwaƙwalwa ta saukar da layin farko, wuta za ta taso daga layin tsaye na biyu, ta ratsa 5 ta shiga layin kwance na biyu, ta bi 4 ta baya ta faɗa layin tsaye na farko, ta fita ta 1. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta ganin hanyar da wuta ta bi, sakamako kawai take gani, don haka sai ta ba da rahoton an danna 2, alhali babu yatsan da ya taɓa shi. Masu sana'ar sun raɗa wa wannan suna fatalwa. Dayod kuwa ƙofa ce da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. Idan kowane madanni yana da tasa, wutar da ta zo bin 4 ta baya sai ta tarar da ƙofa a rufe, magana ta ƙare.

Masu kare gandar suna da hujja, kuma ba ta wofi ba ce gaba ɗaya: makullin ƙofa lamba ɗaya-ɗaya ake danna masa, ina fatalwa za ta fito? To amma kararrawar gasa fa, wadda dukan ma'anarta ita ce mutane da yawa su yi rige-rigen dannawa? Idan ta kunna fitilar ɗan takarar da bai motsa ba, an zalunci yaro a gaban iyayensa. Fiyano kuma ba ya kiɗuwa sai an haɗa sauti uku ko fiye, shi ya sa fiyanon lantarki da ake kiɗa da shi a situdiyo yake ɗauke da dayod a ƙarƙashin madannansa. Har shi makullin bai tsira ba. Ɗalibin da ya rubuta umarninsa da kansa yakan bar sauran layukan kwance a bolt 5 yayin da ya saukar da guda. Ranar da wani ya danna 1 da 4 tare, ya haɗa ƙafa mai wuta da ƙafa marar wuta kai tsaye, kuma iyakar abin da ƙafar ATmega328P ke ɗauka miliamfiya 40 ne. Na'urar da aka ƙera don ƙofar gida, inda yara ke wasa da duk abin da hannunsu ya kai, ba a gina ta bisa fatan kowa zai danna da ladabi.

Hujja ta biyu ita ce wai kayan ba sa samuwa. Wannan ko kusa ba ta tsaya ba. Dayod ɗin da ake buƙata ita ce 1N4148, 'yar ƙaramar kwalba mai jan ciki da baƙin zobe a gefe guda, tana cikin kayan lantarki mafi yawa a duniya. Masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a Sabon Garin Kano da kasuwar Alaba ta Legas suna da ita, ɗaiɗai ko a jere a kan takarda, kuma takan fi madannin da za a liƙa mata arha. Wanda ya rasa kuɗin ma, allon tsohuwar talabijin ko rediyon da ya mutu zai ba shi abin da zai fara da shi.

Abin da ke buƙatar hattara shi ne tantancewa, kuma nan ne ya kamata malami ya ɓata lokacinsa. Dayod ɗin zena ƙarama kamarsu ɗaya da 1N4148, kwalba iri ɗaya, zobe iri ɗaya, rubutun jikinsu kuwa sai da tabarau. Zena mai bolt 3.3 tana sakin wuta ta baya a kan tsarin bolt 5. Mita a matsayin gwajin dayod za ta nuna kusan 0.6 ta fuska ɗaya, ta nuna a rufe ta ɗayar, amma wutar gwajinta takan gaza tona asirin zena. Batir mai bolt 9 da razista ɗaya sun isa: a haɗa dayod a juye, a auna tsakanin ƙafafunta. Ta gaske za ta riƙe kusan dukan taran, ƙaramar zena kuwa za ta tsaya a nata adadin. Ita 1N4007 ta cikin caja tana iya aikin, sai dai jikinta da ƙafafunta sun yi kauri ga matsattsen allo. Jar fitilar LED kuma kada a kuskura a sa ta a madadi: tana cin kusan bolt 2, ƙwaƙwalwar kuwa ba ta lamunce wa abin da ya haura 1.5 a matsayin sifili ba.

Saura liƙi, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Dayod goma sha shida ƙafafu talatin da biyu ke nan, aikin yamma guda. Duk zoben su fuskanci layin kwance idan shi ake saukarwa. Ɗaya ta juya, madanninta ya kurumce. Dalmar da aka saba da ita, kashi 60 kuza 40 dalma, tana narkewa kafin digiri 190, kuma bakin ƙarfen liƙi mai tsabta yana gama kowace ƙafa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. A ɗumama ƙafar da tagullar allo tare, sannan a kawo dalma ta kwanta da kanta. Wanda ya narkar da ita a bakin ƙarfe ya ɗiga, zai sami dunƙulen da bai kama ba, mai aiki yau ya ƙi gobe. Ba a lanƙwasa ƙafa dab da kwalba, domin tana tsagewa. Yaran da ke koyon gyaran waya a Farm Centre suna liƙa abubuwan da ba su kai ƙwayar gero ba, da yawansu ba su taɓa shiga ajin injiniya ba. Abin kunya ne mai shirin karɓar difloma ya ce 'yar kwalba mai ƙafa biyu ta gagare shi.

Kaso mafi girma na laifin yana wuyan masu jarrabawa, domin ɗalibi abin da za a duba shi yake gyarawa. Muddin gwaji bai wuce mai aikin ya danna lambobi huɗu da ya haddace a tafa masa ba, allon zai ci gaba da zuwa babu dayod. Kowane ɗan kwamitin jarrabawa ya miƙa hannunsa ya danna 1 da 4 da 5 tare, ya ga ko 2 za ta bayyana, sannan ya juya allon ya ƙirga baƙaƙen zobba kafin ya rubuta maki.