Kafin a Manna Soso a Bangon Shagon Caji, a Tuna da Watan Agusta

Yanzu abin yayi ne a shagunan caji da na POS a Ringim a lulluɓe bango da farin soso ko allon PVC, a jera fitilu masu launi. Shago ya yi kyau a hoto, zafin Afrilu ma ya ragu. Sai dai mafi yawan masu wannan kwalliya da rani suke yanke shawara, damina kuma ba a yi shawara da ita ba.

Ringim tana bakin Kogin Haɗejiya, kuma ambaliyar 2022 ta nuna yadda ƙasar yankin ke riƙe ruwa. Ko ruwa bai shigo ɗaki ba, bango yana tsotso lema daga tushe, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Bangon da ke buɗe yana shan iska ya bushe. Wanda aka rufe da roba kuwa ba shi da mafita: lemar ta taru a baya, fumfuna ta fito, katakon da aka kafa allon a kai ya kumbura. Daga waje komai fes.

Shi kansa soson, iskar da ke cikin ƙananan ramukansa ce ke tare zafi. Ruwa yana wuce da zafi fiye da iska sau 20 da ɗoriya, don haka soson da ya jiƙe ya zama kwalliya kawai.

Inda abin ya shafi mai waya shi ne a bayan wannan allon ake binne wayoyin wuta da soket, a jikinsa ake rataye inbata. Tsatsa ta kama ƙarfen soket, caja ta riƙa yankewa, sai a ɗora wa batir laifi. Kada kuma wani ya dogara da IP67 ɗin wayarsa. Wannan gwajin nutsewa ne a ruwa mita 1 na minti 30, kuma cajar da soket ɗin ba su da shi.

Magina na da, masu yaɓen makuba da dogon indararo, sun fi mu gane cewa nesanta ruwa da bango ne farko. Mai sabon gini ya sa leda a kan tushe kafin ya ɗora bulo. Mai tsohon shago ya gyara magudana, ya bar rata tsakanin bango da allo, da ƴan kafofin iska sama da ƙasa, ya ɗaga soket daga ƙasa. Wanda bangonsa ya riga ya fara fitar da farin gishiri a gindi, ya haƙura da PVC har sai hunturu ya busar da shi.