Martani: Yawon ƙarshen mako ba almubazzaranci ba ne

Na karanta rubutun da wani Malam ya yi kan 'ya'yanmu masu karatu a Indiya, inda ya ce ɗalibin da ya tafi Agra kallon Taj Mahal ranar Asabar ya ci amanar kuɗin talakawa. Allah ya huci zuciyar Malam, amma hukuncin nan ya yi tsauri. Gwamnatin Kano ta tura ɗaruruwan ɗalibai Indiya a 2023 don su ƙaro ilimi, kuma ba duk ilimi ake samu a aji ba. Yaron Kiru da ya ga yadda ake yankar tikiti a ƙofar Taj Mahal, da yadda masu tasi da masu abinci da masu ɗaukar hoto ke cin abinci daga gini guda, shi ne zai dawo ya tambaya: me ya hana madatsar Tiga, wadda aka gama tun 1974, ciyar da Bebeji haka?

Malam ya ce su bari sai sun dawo gida su huta. A ina? Otal ɗin Bagauda ya zama makarantar horar da lauyoyi. Dajin Falgore kuwa, da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, an fi jin sunansa a labarin ɓarayin shanu da atisayen sojoji. Gaskiya ne akwai masu yawon don hoton Facebook kawai. To, a duba sakamakon jarrabawarsu. Wanda ya faɗi a tuhume shi, wanda ya ci a ƙyale shi ya ga duniya.