An ce ƙasa ta farfaɗo, to littafinmu mi ya ce?

Kwanakin nan tambaya guda ke yawo cikin ƙungiyoyinmu, daga Maraɗi har Tawa: tunda ana ta faɗi a rediyo tattalin arzikin Nijar ya farfaɗo, mi zai hana mu ƙara zubi, mu ƙara girman bashin da muke ba juna? Tambaya ce mai nauyi, don kuɗin da ke cikin akwati gumin mata ne, in ya salwanta babu mai biyan mu.

Mu tuna inda munka fito. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa ma ƙasarmu takunkumi. Anka rufe iyaka da Najeriya da Benin, Najeriya ta yanke wutar lantarki, kayan da ke shigowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano sunka tsaya. Duk mun ji a jikinmu, wajen shinkafa da mai da magani. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, a Mayu kuma anka fara sayar da ɗanyen man Agadem da ke bin bututu har bakin teku a Benin. Bankin Duniya ya ce arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi 2 cikin 100 a 2023, sannan da fiye da kashi 8 a 2024. Wannan ita ce farfaɗowar da ake magana.

Lissafin ba ƙarya ba ne. Amma ƙasa kamar babban gida take: mai gida na iya samun riba, tukunyar wani ɗaki ba ta sani ba. Mai yana kawo kuɗi ga gwamnati, sai dai ba ya ɗaukar mutane da yawa aiki. Mu kuwa abincinmu na ga noma da kiwo da ƙananan sana'o'i. Kuma a wannan 2024 ɗin farashin kaya ya hau da kusan kashi 9 cikin 100, wato abin da jika 10 ke saye a da, sai an kai kusan jika 11.

Masana in za su auna lafiyar ƙasa, abu uku suke dubawa: aiki, da sayayyar mutane, da cinikin shige da fice. Hukumar ƙididdiga ta INS a Yamai tana fitar da lissafin farashi kowane wata, SIMA kuma tana bin farashin hatsi a kasuwanni. To mu ma muna da hukumarmu, littafin ƙungiya ke nan. Ga yadda za mu karanta shi.

Na farko, aiki. Ranar taro a tambaya: gidaje nawa ne wani ya samu aikin kuɗi cikin watan nan? Magina da masu bulo da ƴan kabu-kabu suna fita kullum ko suna zaune gindin icce? Waɗanda sunka tafi cin rani suna aiko da kuɗi ko sai gaisuwa? Ma'ajiya ta rubuta adadi, ba "da sauƙi" kawai ba.

Na biyu, sayayya. Mai ƙuli-ƙuli da mai fura da mai ƙosai sun fi kowa sanin aljihun gari. Tiya nawa ta gujiya kike sarrafawa a mako yanzu, nawa ce bara war haka? Masu saye hannu da hannu suke biya ko "rubuta mini"? Sannan a duba dalilin bashin da ake ɗauka daga akwati. In yawancinsa na jari ne, alama ce mai kyau. In na abinci da magani ne, farfaɗowar ba ta shigo ƙofarmu ba tukuna.

Na uku, ciniki. Albasar Galmi, da wake, da bisashe, kasuwarsu na waje. In motoci na lodi a Konni da Dan Isa da Magarya, kuɗi na shigowa ƙauye. Amma a lura da canji: tun da naira ta faɗi a 2023, ragon da anka kai Najeriya na iya kawo damin naira, in an juya shi sefa ya zama kaɗan. Mai kiwon turka ta tambayi canji kafin ta ci bashin sayen rago. Haka ma hatsi: a Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da shi waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Saukar farashi daɗi ce ga mai saye, amma wadda ta ci bashi ta tara buhuna tana jiran tsadar bazara, ita kuka take.

Shawararmu ita ce, kada wata ƙungiya ta ƙara zubi ko bashi don labarin rediyo kaɗai. A ware shafi guda a bayan littafi, a ja layi uku, a cika su wata uku a jere. In biyu cikin ukun sun gyaru, kuma ana biyan bashi kan lokaci ba tare da tara ba, a ƙara kaɗan, daidai ƙarfin wadda ta fi kowa rauni cikinmu. In ba haka ba a tsaya inda ake, kuma kada a taɓa asusun taimako. Sannu ba ta hana zuwa.

Shugabannin ƙungiyoyi, ku aiko muna da abin da shafinku ya nuna, mu haɗa na Damagaram da na Maraɗi da na Tawa mu gani ko bakinsu ɗaya. Allah shi sa albarka cikin nemanmu. Sai fitowa ta gaba.