Taya ma rubutu gare ta, a karanta kafin a saya

Motoci masu ƙarfin inji sun yawaita a titunanmu, daga Yamai har Damagaram. Mai saye yakan tambayi ƙarfin inji, ya duba fenti da kujeru, amma in an zo kan taya sai ya ce a sa masa mai araha. Alhali duk gudun motar nan, abin da ke haɗa ta da kwalta wuri huɗu ne, kowane kamar faɗin tafin hannu. A kansu take juya kwana, a kansu take tsayawa in yaro ya faɗo titi.

Kowace taya tana ɗauke da bayaninta a gefe. Mu ɗauki 225/45 R17 94W. Lamba 225 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 45 na nufin tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari ne na faɗin, wato kusan milimita 101. Lamba 17 girman janti ne da inci, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kai. Lamba 94 na nuna tana ɗaukar kilo 670. Harafin ƙarshe shi ne iyakar gudun da take jurewa: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Girman da ya dace da mota yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Ra'ayina shi ne a tsaya a kansa, kuma kada a sauka ƙasa da harafin da kamfani ya sa. Ko mutum ba ya gudun 240, tayar da aka yi don wannan gudun ta fi jure zafi, kuma a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40.

Samari na son babban janti da siririyar taya don ado. Gaskiya ne irin wannan tana riƙe kwana da kyau a kan titi mai santsi. Sai dai wanda ya bar 205/55 R16 ya koma 225/40 R18 ya rage tsayin gefen tayarsa daga milimita 113 zuwa 90. Wannan gefen ne ke shanye dukan rami. Wanda ya san hanyar Ƙonni zuwa Tawa ko Maraɗi, ya san abin da rami guda ke yi wa janti.

Abin da ya fi tada mini hankali shi ne tsofaffin tayoyin Turai da ake jibgewa a kasuwa. Cikinsu akwai na lokacin sanyi, masu zanen dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. An yi su ne don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Robarsu laushi gare ta, a zafinmu tana cinyewa da wuri, birki kuma ya ƙara tsawo. A duba shekarunta ma: lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, misali 2316, suna nufin mako na 23 na shekarar 2016. Tayar da ta kai shekara 10 ta gama aiki, ko da zanenta na nan. Na san sabuwa tsada gare ta, amma wanda ya iya sayen motar da ke gudun 240 bai da hujjar yi mata rowar taya. Araha ba ta ado.

Mu malamai, ga darasin lissafi a ƙofar makaranta. A fitar da ƴan aji shida, a nuna musu taya, su lissafa kashi 45 na 225, su gano shekarar da aka yi ta. Iyaye kuma, kafin ku ɗora ƴaƴanku a mota zuwa hutu, ku sunkuya ku karanta lambobin nan huɗu. In tayar ta tsufa ko gefenta ya tsattsage, ku jira wata motar.