"Umma, Rim Kawai Zan Canja": Ki Karanta Wannan Kafin Ki Ce To



Uwargida, idan kina da saurayin ɗa a gida, ko maigida mai son kwalliyar mota, wata rana za ki ji maganar da na ji a watan jiya. Babban yarona ya zauna kusa da ni yana murmushi, ya ce, "Umma, rim kawai zan canja wa motar nan, a sa mata masu faɗi, ta fito ras." Motar kuwa ita ce ke kai ƙannensa makaranta, ita ce ke kai mu gida da Sallah. Na ce ya ba ni kwana biyu. Ga abin da na tattara, don ke ma ki samu abin faɗa in an zo miki da ita.

Farko, ki leƙa gefen tayar. Za ki ga rubutu kamar 205/55 R16. Lamba 205 faɗin taya ne a milimita, 55 na nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 na faɗin, 16 kuma girman rim ne a inci. A mafi yawan motoci akwai takarda manne a jikin ƙofar direba da ke nuna girman da kamfani ya yarda da shi da iskar da za a sa. Wannan takardar ita ce alƙalinki.

Ƙasashe da dama sun sa doka a kan wannan. A Jamus, sai rim ɗin yana da takardar shaidar cewa ya dace da irin motar, ko masu binciken mota irin su TÜV su duba su amince, in ba haka ba izinin hawan motar a titi na iya faɗuwa. A Ostireliya, ƙa'idar ƙasa ta hana ƙara tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu fiye da milimita 25 a ƙaramar mota. A nan Najeriya kuma, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsayar da motar da tayoyinta ba su da lafiya, kuma akwai tara a kan suɗaɗɗiyar taya.

Me ya sa ake wannan tsanani? Ba don a hana yaro gayu ba ne.

Taya mai faɗi da yawa tana gugar jikin mota idan an karya sitiyari, ko an cika motar da yara da buhuna. Gugar nan a hankali take cin taya, sai ranar da ta fashe ana tsakiyar gudu. Idan kuma ta leƙo waje da jikin mota, tsakuwa da ruwan kwata take watsa wa masu babur da masu tafiya a ƙasa. Rim ɗin da ya turo waje yana ƙara wa ƙafar mota wahala, kuɗin bakanike ya ƙaru.

Sai maganar agogon gudu. In aka cire 205/55 R16 aka sa 245/45 R18, tsayin tayar ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Agogo zai nuna 100, alhali motar na kusan 107. Kilomita 100 a awa ɗaya kuwa shi ne iyakar ƙaramar motar gida a kan babban titi mai hannu biyu. Yaro ya karya doka bai sani ba.

Ki tuna da hanyoyinmu ma. Babban rim yakan zo da siririyar taya, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Kuma mai inshora na iya kafa hujja da canjin da ba a sanar da shi ba, ya ƙi biya.

To, in ya nace fa? Kada ki rufe ƙofa, ki kafa sharaɗi huɗu. Girman ya zama cikin waɗanda kamfani ya rubuta, ko wanda tsayinsa ya yi daidai da na asali, misali 225/45 R17 a madadin 205/55 R16. Taya kada ta wuce jikin mota. Ramukan noti su dace ba tare da an fafe ko an yi ciko ba. Sannan a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Sau da yawa rim mai sheƙi da tsohuwar taya 'yar gwanjo ake haɗa shi, saboda kuɗin sun ƙare a kwalliya.

Nawa yaron dai mun je wajen bakanike tare. Da aka yi lissafi, sai muka sayi sababbin tayoyi huɗu daidai da na ƙofa. Ya yi kwana biyu yana cin magani, ranar ta uku ya wanke motar da kansa.

Ke fa, an taɓa zuwa miki da irin wannan? Ki ba mu labarin yadda kuka ƙare. Allah Ya tsare mana zuri'a a kan hanya, amin.