Ta'aziyya Ba Ta Biyan Kuɗin Asibiti

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma da ku nake.

Mu a Kano mun ƙware wajen ta'aziyya. Marubuci ko ɗan wasa ko mawaƙi zai yi wata shida a kwance ba mai leƙa shi, har sai an watsa hotonsa a Facebook ana neman taimako. Ranar da ya cika kuwa kowa masoyinsa ne. To ina soyayyar take lokacin da maigidan haya yake buga masa ƙofa?

Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da Turmin Danya ya fito a 1990, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a 1991, sana'ar nan tana da kasuwa. Marubuci ya buga littafinsa da kuɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari, ko an ja masa rai ƙarshe kuɗi na fitowa. Mai buga rubutu ya ci, mai zanen bango ya ci, mai ba da hayar littafi a unguwa ma ya ci. Daga baya me muka gani? A 2007 aka tara littattafanmu aka cinna musu wuta. A 2016 aka yi ca a kan shirin gina ƙauyen fim a Kofa har aka fasa shi.

Amma duk wannan bai kai ɓarnar da ake yi mana a waya ba. Marubuciya ta raba dare tana rubutu da ɗan yatsa, ta sayi data da kuɗinta, ta sa wa littafin ɗari biyar. Mutum ɗaya ya biya, kafin la'asar ya tura shi zaurukan WhatsApp. Wani kuma ya ɗauka ya karanta a YouTube, yana karɓar kuɗin talla, ko sallama bai yi mata ba. Wannan sata ce, ko da kun kira ta taimakon 'yan'uwa.

Ba bara muke yi ba, haƙƙinmu muke nema. Mai karatu, in littafi ya yi maka, biya. In an turo maka na sata, kada ka tura gaba. Masu tashoshin YouTube su zauna da marubuta a rubuta yarjejeniya. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta ba da damar a sauke kayan sata daga intanet, mu yi amfani da ita. Hukumar Tace Fina-finai, tun 2001 kina duba abin da muke fitarwa, ki duba masu sace shi mana. ANA reshen Kano da MOPPAN kuma su buɗe asusun jinya, kowane ɗan ƙungiya ya riƙa zuba wani abu duk wata.

Wanda ya ɗebe maka kewa, ka taimake shi tun yana iya cewa na gode. Allah Ya sa mu gane. Wassalam.