Gani Ya Kori Ji: Matasanmu Su Shiga Gasar Hoton Ƙasa

'Yan uwa na Hartum da Umdurman da Bahri, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kasala da ƙetare.

Kowace shekara ana buɗe gasa iri-iri ta ɗaukar hoton halittu da shimfiɗar ƙasa, wato kogi da dutse da daji da tsuntsu da hadari. Ra'ayina shi ne matasanmu su shiga, iyaye kuma su sa musu albarka. Kyautar da ake bayarwa ita ce mafi ƙanƙantar dalili. Babban dalili shi ne al'ummar da ake yawan ce wa baƙuwa tana bukatar ta nuna cewa ta san ƙasar nan sanin ɗan gida, ga shi kuma ƙasar tana sauyawa a gaban idonmu.

Kowa ya san tarihin. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ke amsa sunansa. Tun kafin su ma, alhazan ƙasa suna ratsa Sudan zuwa Makka, da yawa kuma a nan suka yada zango. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, gumin kakanninmu yana cikin abin da ya raya audugar Jazira. Duk da haka, a watan Yulin 2022 an zubar da jini a jihar Shuɗin Nilu a kan tambayar wane ne mai ƙasa. Hoto ba zai kashe wutar fitina ba, amma shaida ce da ke isa inda muryar dattijo ba ta kai, tana kuma zama bayan mai ita ya ƙaura.

Ku dubi irin sanin da ke hannunmu. Itacen da Balarabe ke kira sunuɗ, wanda dajin bakin Farin Nilu a Hartum ya ci sunansa, shi ne bagaruwarmu ta majema. Haraz shi ne gawo, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Hijlij aduwa ce, tabaldi kuka, dom goruba, dalaib giginya. Tsuntsuwar da maƙwabtanmu ke kira simbiriya ita ce shamuwa, wadda manomin Katsina da manomin Sinnar duka suke karanta zuwan damina daga saukarta. Yaron da ya ɗauki hoton gawo tsirara a tsakiyar koren gona, ya rubuta sunansa da Hausa da Larabci, ya bayyana dalilin tsiraicin, ya kawo wa gasa abin da baƙo mai kyamarar miliyoyi ba zai samu a kwana uku ba.

Sai batun abin da ke ɓacewa. Ambaliyar 2020 ta zarce ta 1946 da ta 1988, ta ci gidaje da gonaki a tsibirin Tuti da sauran unguwannin gaɓa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya katse iskar gas, jama'a suka koma ga itace da gawayi, gatari ya shiga dajin Sunuɗ. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, a gidaje da yawa kuma akwatin hotunan iyali ya salwanta tare da sauran kaya. Idan yau muna iya ganin yadda Hartum ta dā take, saboda irin su Jadallah Jubara ne, wanda ya rasu a 2008, suka ɗauki kyamara a lokacin da wasu ke ganin ɓata lokaci ne. Jikokinmu za su tambayi yadda Mugran take, inda ruwan koguna biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya, da yadda duwatsun Sabaloka suke da hantsi. Wajibi ne a bar musu amsa.

A matsayina na mai riƙe wa dattijo alƙalami, na san uzurin da za a kawo, kuma ba na raina shi. Za a ce mutanen da ke neman ruwa da magani ina su ina hoton tsuntsu. Gaskiya ne ciki shi ne gaba. Sai dai wannan aiki ba ya cin kuɗin abinci, domin wayar tana aljihun yaron, yana kuma ƙarar da cajinta a kan abin da bai kai wannan ba. Saurayin da ya koyi zama shiru a bakin ruwa yana jiran belbela ta sauka ya koyi haƙuri da lura, ya kuma kama bakin zaren wata sana'a.

Za a kuma tambayi hukuncin addini. Malamai sun yi saɓani a kan hoton mai rai da aka ɗauka da kyamara, kowa ya bi malamin da ya amince da shi. Amma a kan itace da dutse da ruwa hanya a buɗe take, domin ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya nusar da wani mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hoton tsuntsu ba, ga faɗuwar rana a kan Farin Nilu, ga habub yana tasowa kamar ganuwa.

Ƙofofin shiga suna nan. Gasar Wiki Loves Earth, wadda ta faro a Yukiren a 2013, da Wiki Loves Africa, wadda ta keɓe 2023 ga yanayi da sauyinsa, duka kyauta ake shiga, hotunan kuma suna iya ƙawata Wikipedia ta Hausa. Sai dai a sani cewa wanda ya ɗora hoto a can ya yarda kowa ya yi amfani da shi, matuƙar an ambaci sunansa. Gasar Wildlife Photographer of the Year ta Gidan Tarihin Halittu na Landan tana da rukunin 'yan shekara 17 zuwa ƙasa. A gida kuma, ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Sudan da Ala Khair da abokansa suka kafa a 2009 ta nuna cewa ɗan ƙasar nan zai iya.

Sharuɗɗa biyu nake gindayawa. Na farko amana. A gasar Landan ɗin nan an ƙwace babbar kyautar 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hoton na gida ne, a 2018 kuma aka soke wata kyautar domin dabbar gawa ce da aka cusa wa kaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada a ɗauki hoton wani a sa suna, kada a ƙera shi da na'ura, kada a taɓa sheƙar tsuntsu. A adana ainihin hoton, domin WhatsApp yana rage masa ƙarfi, alƙalai kuma sukan nemi na asali.

Na biyu tsaro. Kada a nuna kyamara ga gada, ko madatsa, ko bariki, ko shingen bincike. Kada a shiga daji ko kango ko gaɓar da hukuma ba ta ce an share ba, domin harsasan da ba su fashe ba suna nan kwance. A tafi bibbiyu, da katin shaida, da sanin iyaye, bayan asuba ko bayan la'asar, lokacin da haske ke da taushi. Babu hoton da ya kai ran ɗanmu.

Ina roƙon sarakunanmu da masu unguwanni su fara da ƙaramar gasa ta cikin gida, a sa tsohon masunci da tsohon manomi cikin alƙalai, domin su ne suka san sunan kowane kifi da kowace ciyawa. Wanda ya yi fice a tura shi gaba da sunan al'umma. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mai da kowa gidansa.